Ɗari da Tara

Litinin, 3 ga Oktoba 1994, ƙarfe huɗu na yamma

Na dawo daga wurin Tsonyo mai sassaƙar dutsen kabari. Dutsen ya iso, baƙi ne, mai faɗi, na mutum biyu kamar na kowa: dama na marigayi mijina Zahari, hagu nawa. Har ya zana sunana da alli. Nedyalka Mincheva, 1934, ɗan layi, sai filin shekarar mutuwa. Na tsaya ina kallon filin nan har sai da ya yi gyaran murya.

Tsonyo ɗalibina ne a aji biyar. Yanzu furfura ta cika masa kai, amma har yau in ya gan ni sai ya kai hannayensa baya, kamar zan duba farcensa. Ya ce tunda addu'ar cika shekara da rasuwar Zahari Asabar 29 ga wata ce, lallai rubutun ya iso hannunsa ranar 20. "Malama, kin san yadda muka rabu da lissafi. Ki rubuto min lambar manya-manya. Dutse ba allon aji ba ne, ba a gogewa."

Lambar ita ce 1 299 963 601. Ko daga barci aka tashe ni zan faɗe ta, haka ma duk wanda ya zauna a ajin Zahari tun 1961. Lamba marar rabuwa, wato wadda ba abin da ke raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta. Mai gida goma, wato alƙaluma goma a jere, malamin ƙaramin gari ya samo ta da hannu, aka buga a mujallar malamai ta lardi, shafi ɗaya da rabi. Wannan shafi da rabin, shi muka ci shi muka sha shekara talatin da biyu.

A takardar da Zahari ya bari cewa ya yi a sa lambar kawai. 'Yarmu Bistra ta ce ba ta yarda ba, mutane za su ɗauka lambar waya ce. Tana so a ƙara a ƙarƙashi, "Lamba marar rabuwa, shi ya gano ta." Yayarsa Velika ta goyi bayanta. Na dai yi mamakin yadda mutumin da bai taɓa ƙin yabo ba ya zo ya koyi kawaici a gadon asibiti.

Laraba, 5 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Gashin tattasai tun safe. Velika ta zo wai taimako, ta zaɓi kujerar da ta fi daɗin zama, ta ɓare guda shida, na ƙirga. Bakinta kuwa bai huta ba. Ta ba maƙwabciya labarin lambar daga farko, ta rufe da barkwancin ƙanenta, har da kwaikwayon muryarsa: "Ni da Neda muka yi aikin. Neda ta yi ɗari da tara, ni na yi sauran." Suka yi dariya. Ni ma na yi, bakina ya saba.

Bari in rubuta yadda aka yi, tunda ba wanda ya taɓa tambayata.

Lokacin zafi ne, ina da tsohon cikin Bistra. Wata dabara tasa ce ta fitar masa da lambar. Akwai gwajin da ake yi: a ɗauki biyu a yi ta ninka shi da kansa, ana zubar da abin da ya cika lambar, a ga ko ɗaya zai rage a ƙarshe. Ni na juya masa injin lissafin makaranta har sati uku, ɗaya ya rage. Muka sake da uku, ɗaya. Da biyar, ɗaya. Ya ɗaga ni sama da cikina da komai. Na ce ya sauke ni, gwajin nan alama ce kawai ba tabbaci ba, tare aka koya mana a kwaleji cewa akwai lambobi 'yan shigar burtu masu cin gwajin alhali suna rabuwa. Mai son tabbaci sai ya bi lambobi marasa rabuwa ɗaya bayan ɗaya yana raba ta da su, daga biyu har 36 055, wajen dubu uku da ɗari takwas ke nan. Ya ce ni ba ni da aiki sai sare wa mutum gwiwa. Ya aika wa mujallar takardarsa a Yuli.

Na fara rabawar ni kaɗai, da safe kafin ƙafafuna su kumbura. Biyu, uku, biyar, bakwai. Na kai 599, ita ce ta ɗari da tara, naƙuda ta kama ni. Haihuwar ta zo da gardama, na yi wata biyu a asibiti. Da na dawo ya ce ya gama sauran, ya nuna min kanta a tafin hannunsa.

Da za a buga a Nuwamba, masu mujallar suka rubuto suna tambaya ko akwai sunan da za a ƙara. Da bakina na ce a'a. Mai ɗari da tara ba ta jera suna da mai dubu uku da ɗari bakwai. Kunya nake ji, kuma duk shekara in ya yi barkwancin nan a taron malamai kunyar takan dawo sabuwa. Sati ukun nan na gwaji ba su taɓa shiga barkwancin ba.

Juma'a, 7 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na sauke kwalaben tattasai ɗakin ƙasa, talatin da huɗu, goma sha biyu na Bistra ne. A bayan kanta na ga injin a lulluɓe da tsohon bargo. Makaranta ta jefar da shi lokacin da kwamfutoci suka zo, ya ɗauko shi gida a kafaɗa. Na hauro da shi da ƙyar, na ɗiga masa man keken ɗinki. Hannun yana juyawa, ƙararrawar tana bugawa.

Ina kewarsa. Gara in rubuta, ba mai karantawa. Gobe zan ɗora daga inda na tsaya, ko goma ne, in ɗan bi sawunsa in ji abin da hannunsa ya ji. Sannan in rubuta wa Tsonyo lambar.

Asabar, 8 ga Oktoba, ƙarfe tara da kwata na safe

601. Saura sifili, wato ta raba lambar daidai.

Ƙarfe sha ɗaya

Na sake sau uku. Injin ya tsufa.

Ƙarfe biyar na yamma

Na yi da fensir, yadda nake koya wa 'yan aji huɗu. 601 sau 2 163 001, cif, ko ɗigo bai rage ba. Injin lafiyarsa lau.

Na wanke tagogin gidan duka, har ta ɗakin girki da na wanke shekaranjiya.

Lahadi, 9 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Ban je coci ba.

Da a ce ta ɗari ce a cikin rabonsa, ko ta dubu, da na ce gajiya ce, ido ya tsallake, hannu ya juya sau bakwai maimakon takwas. Kowa na yi. Amma bayan 599 ba wata marar rabuwa sai 601. Ita ce ta farko. Inda na ajiye fensir, nan aikinsa ya fara, nan kuma lambar ta fashe.

Ke nan ko ɗaya bai yi ba.

Wata biyu ina kwance, ɗinki yana ja na, ina hango shi a sunkuye kan injin ba mai dafa masa abinci. Ranar da aka sallame ni har haƙuri na ba shi da na bar masa aikin. Ya shafa kaina ya ce ba komai. Kantar hannun nan, yanzu na tuna, a watannin ne ya taya mahaifinsa yankan itacen hunturu.

Talata, 11 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Tunda na fara sai na gama. Kwana biyu ina juya injin kan 2 163 001. A 1201 ta buɗe, abokiyarta 1801. Dukansu ba sa rabuwa, na duba a jadawalin bayan littafinsa.

To ga ta nan tsirara, in rubuta ta yadda zan rubuta a allo. Ba ta rabuwa biyu. Gidajenta goma in an tara su arba'in da shida ne, don haka uku ba ta shiga. Uku ne suka haife ta, 601 da 1201 da 1801, tsakanin kowace da ta gaba ɗari shida daidai. Masu raba ta takwas ne har da ɗaya da ita kanta. In ka cire ta ka tara sauran bakwai, 3 970 807 kawai za ka samu, ko kusa da ita ba su zo ba, wato tana cikin masu gibi, gibin ma babba. Kuma tana cikin 'yan shigar burtun da na gaya masa, kowane gwaji irin namu za ta ci shi.

Abin da ya fi ƙona min rai, lamba ce mai kyau a haka. Marasa rabuwa masu gida goma miliyoyi ne, kamar tsakuwar kogi. Irin wannan kuwa ba su da yawa. Da gaskiyar ya rubuta, da abin da ke hannunsa ya fi wanda ya yi ta tinƙaho da shi.

Ban ci abincin rana ba. Ban rubuta wa Tsonyo komai ba.

Alhamis, 13 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Bistra ta kira daga kantin maganin da take aiki a Varna. Ta tambayi alkamar da ake dafawa a raba ranar addu'a, ta tambayi fadan coci, ta tambayi ko an kai rubutun. Na ce ina ganin mu bi takardar mahaifinta, a sa lambar kawai. Ta ce me ya sa. Na ce akwai abin da nake so mu yi magana a kai game da lambar.



"Mama, kin fara ko? Shekara guda ba ta cika ba."

"Me na fara?"

"Duk ranar da aka yabe shi sai kin sami abin gyarawa. Tun ina ƙarama nake kallon fuskarki in ana tafa masa. Abu ɗaya mutumin nan yake da shi a duniya. Ki bar masa."

Na buɗe baki, sai ta ce mai sayen magani yana jira. Sauran abin da ta faɗa kafin ta ajiye ba zan rubuta ba.

Ni ce na zauna da ita kan jadawalin sau har ta iya, ni ce na tsaya mata a kan jarrabawa. Shi kuwa yakan shigo da yamma ya fitar da goro mai ɓawo daga bayan kunnenta, ya sa ta faɗi lambar, ya tafa. Shi ne uba mai daɗi, ni ce mai jan biro.

Juma'a, 14 ga Oktoba, da hantsi

Velika ta kawo hoton da za a manna a dutsen. Wanda yake tsaye gaban allo ne, lambar tana bayansa. Ta ce in duba yadda goshinsa ke haske.

Asabar, 15 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Ina tsince wake wani abu ya dawo min.

Shekarar da aka kawo kwamfutoci makaranta, sabuwar malama ta ce a bikin ƙarshen zango za su sa lambar a ciki gaban iyaye, na'ura ta tabbatar da aikin hannu. Abin girmamawa take nufi, baiwar Allah. Zahari ya tashi a ɗakin malamai ya yi mata tatas, ya ce cin mutunci ne, ya ce in aka taɓa lambarsa da wannan akwatin zai ajiye aiki. Ta fita tana kuka. Da muka dawo gida na ce ya yi yawa, ya kwana biyu ba ya min magana. Na ɗauka girman kai ne, domin yana da shi.

Mutumin da bai yi aikin ba zai iya zama da fatan ko ya dace. Mai fata ba ya tsorata haka.

Littattafan aikinsa masu koren bango suna cikin akwatin ɗakin ƙasa, tun na kwaleji. Ba ya jefar da takarda.

Lahadi, 16 ga Oktoba, ƙarfe sha biyu

Ban sauka ba.

Litinin, 17 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na sauka.

Littafin 1961 yana ƙasan akwatin, an juya bangonsa ciki. Shafukan farko rubutuna ne, layi-layi, kowace lamba da saurarta, har 599. A ƙarƙashinta akwai wurin da fensir ya zame, na tuna ciwon da ya sa shi zamewa.

Shafi na gaba rubutunsa ne. Kwanan wata a sama, 19 ga Agusta. Ya rubuta 601. Ya yi da inji ya rubuta amsar, sannan ya sake da hannu, doguwar rabawa har ƙasan shafi, sannan ya ninka ya koma. Sifilin ƙarshe ya zagaye shi har takardar ta huje. A gefe, da ƙananan haruffa: mace, kilo uku da giram ɗari.

Sauran littafin fari ne tas.

Ɗaya ya yi. Na yi masa ƙarya a nan da na ce bai yi ko ɗaya ba, to na gyara. Ya yi ɗaya, ya gani, ya rufe littafin, ya sayi furanni ya zo ƙarƙashin tagar ɗakin haihuwa yana ɗaga min hannu.

Talata, 18 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Na je kabarin. Na zuba ruwa, na kunna kyandir, na cire ciyawa, na zauna a bencin maƙwabcinsa.

Na yi ƙoƙarin tsaya masa, domin ba wanda zai yi. Takardar ta riga ta tafi. Shugaban makaranta ya riga ya faɗa gaban mai duba makarantu. A shekarar sunanmu yana cikin waɗanda za a tura ƙauyen kan dutse, inda ba likita, inda ƙanƙara ke rufe hanya wata uku. Lambar ce ta sa aka bar shi a gari. Ina kwance ba a san ko zan tashi ba, ga jaririya. To, na ji. Wataƙila ni ma da na rufe littafin.

Amma da na dawo fa? Gado ɗaya, shekara talatin da biyu. Da ya ce, Neda, ke ce da gaskiya, ta rabu, mu yi shiru. Da na yi shiru, Allah ya sani da na yi, da na riƙe masa har kabarina. Ban damu da mujallar ba, ban damu da lardin ba. Ba wanda ya tilasta masa barkwancin nan. Shi ya ƙirƙiro shi, ya goge shi, ya riƙa fito da shi duk shekara kamar kwat ɗin biki, yana kallona ina sunkuyar da kai.

Na faɗa masa haka da ƙarfi. Wata mata a layi na gaba ta waiwayo, ta yi alamar gicciye, ta ce Allah ya gafarta masa. Na ce amin, domin haka ake cewa.

Yanzu na gane takardar asibitin. Lambar kawai. Ya iya faɗa wa yara, ya iya faɗa wa malamai, amma ya ji nauyin kwanciya a ƙarƙashin kalmar. Ko a nan ma bai gaya min ba, sai ya bar min aikin gida.

Laraba, 19 ga Oktoba, da safe

Gobe ne. In na sa kalmar, na sa hannu a ƙarya da za ta fi ni daɗewa, kuma a gefenta zan kwanta. In na cire, Bistra.

Alhamis, 20 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Na kai wa Tsonyo takardu biyu. Ta farko lambar, manya-manya. Ya tambayi ina kalmomin da Bistra ta faɗa masa a waya. Na ce mamacin bai nema ba. Ya sosa ƙeya ya ce shi dai ba ya son shiga tsakanin uwa da 'ya. Na ce ba shiga zai yi ba, sassaƙa zai yi.

Ta biyu na ce ta ɓangarena ce, a ƙarƙashin sunana, daidai layin lambarsa. Ya karanta a hankali yana motsa leɓe: 601 × 1201 × 1801.

"Malama, na mai rai ba a cika sa masa komai ba sai suna da shekara. Sauran akan bar wa 'ya'ya."

"Shi ya sa nake so ka yi yanzu."

"Mene ne wannan ɗin?"

"Aikin gida."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya daina. Ya ce akwai ɗan fili a tsakiya, ko akwai wata alama da za ta haɗa su. Ashe bai rabu da lissafi kamar yadda yake faɗa ba. Na ce a'a, a bar tsakiyar haka, mai son sani ya ninka da kansa.

Na dawo ta kasuwa na sayi alkama kilo biyu da sukari da kirfa.

Lahadi, 23 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Waya ta yi ƙara sau biyu. Ban ɗauka ba.

Laraba, 26 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

An kafa dutsen, an rufe shi da zane. Velika ta so ta leƙa, Tsonyo ya ce siminti bai kama ba. Ta zo nan ta yi min lissafin waɗanda za su zo: tsofaffin malamai, ɗalibai har daga Sofiya, wani ma injiniya ne a ƙasar waje. Ta sa an buga sabbin takardun tunawa masu hoton nan nasa an manna a ƙofa da bishiyoyin titi da gaban coci. Duk inda na juya a garin nan yana kallona da alli a hannu.

Har yanzu ina ajiye kofi biyu da safe. Wannan ma yana ba ni haushi.

Juma'a, 28 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Bistra ta iso a motar rana. Ta rungume ni, ta ce na rame, ta ce in yafe mata maganar waya. Muka dafa alkamar, muka shanya ta kan zane, ta daka goron, na tankaɗe sukari a sama, ta zana gicciye da kirfa. Hannunta irin nasa ne, dogayen yatsu. Ta ce za ta kwana uku, ta ɗauki hutu.

Sau biyu na ce "Bistra", sau biyu na tambaye ta inda ta ajiye cokali.

Asabar, 29 ga Oktoba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

An yi.

Mutane sun fi sittin. Fada ya yi addu'a, aka zuba ruwan inabi, Velika ta yaye zanen. Tsofaffin ɗalibansa, masu tumbi da sanƙo, ba wanda ya ce su yi, suka faɗi lambar tare kamar a aji. Ana raba alkama tsohon malamin tarihi ya ɗaga kofinsa ya ce Neda ta yi ɗari da tara. Aka yi 'yar dariya. Ban yi ba. Wannan ne karo na farko.

Velika ta matso tana huci ta ce ina kalmomin, kuma waɗanne lambobi ne na jera a ɓangarena kamar takardar awo. Na ba ta alkama. Injiniyan nan na ƙasar waje ya daɗe a gaban dutsen, ya dube ni, ya cire hularsa, ya tafi bai tsaya cin abinci ba.

Bistra ta jira har baƙi suka watse. Muna shiga ɗakin girki ta ciro takardar tunawa ɗaya daga jakarta, ta juya bayanta, ta ɗauki fensirina. Ta jera su yadda na koya mata, gida ƙarƙashin gida. Ta gama, ta duba, ta sake daga farko. Ba ta yi kuskure ba ko sau ɗaya.

"Ya sani?"

Na ajiye koren littafin a gabanta, a buɗe. Ta karanta kwanan watan. Ta sa yatsa a kan ƙananan haruffan gefe.

"Ranar da aka haife ni."

"Eh."

Ta juya shafi, ta juya, ta juya har bango.

"Nawa ya yi ke nan, Mama?"

"Ɗaya."

Na zaci za ta yi kuka ko ta yi faɗa, na shirya wa duka biyun. Sai ta ce, a hankali, da na gaya mata a nan ɗakin da ya wadatar, ba sai na rubuta a dutse ba. Na ce na gwada. Ta ce ban gwada sosai ba. Wataƙila gaskiyarta ne.

Ta bi motar ƙarfe huɗu. Ta tafi da littafin, ba ta tambaye ni ba. Kwalaben tattasanta goma sha biyu suna nan a bakin ƙofa cikin kwali, na ɗaure su da igiya tun jiya.

Na zauna na ƙirga, domin abin da na iya ke nan. Ɗari da tara a 1961, tamanin da takwas a wannan watan. Ɗari da casa'in da bakwai, kuma aikin ya ƙare, ba sauran da wani zai yi. Na juya wajen kujerarsa zan faɗa masa.